Shanun Bakoji na Cikin Waya

Duk ranar kasuwa, idan ka shiga karar shanu ta Birnin Gwari ka nufi inda tireloli ke lodi, za ka ga wani dogon Bafulatani mai furfura a gemu yana riƙe da igiya. Shi ne Bakoji. Aikinsa hawar da shanun mutane mota. Sauran masu lodi duka suke yi da ihu da murɗa wutsiya. Shi kuwa sai ya matsa kusa da kunnen sa ya yi masa wani ɗan sauti da harshe, san ya taka katako ya hau ba gardama. Ana ba shi abin da ake ba kowa. Ba ya ciniki, ba ya sa baki a na wani. Idan dillali ya tambaye shi ko wannan karsana za ta yi nono, sai ya ce, "Ba tawa ba ce."

Mutane sun ɗauka ɓarayi ne suka kwashe masa shanu, don kuwa haka labarin kusan duk Bafulatanin da ke riƙe igiyar wani a wannan kasuwa yake. Nasa ba haka ba ne. Ko maraƙi ɗaya ba a taɓa korawa daga garkensa ba. Dukiyarsa tana nan, ya san inda take, yana ma ganinta duk mako. Taɓa ta ne ba ya iyawa.

An haife shi a wata ruga da ke gefen Randagi, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Kakansa ne ya kafa turke a wurin, bisa fahimta da wani gidan Gbagyi: bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara su bar taki, mai gona ya aiko da dawa, mai shanu ya aika da nono. Haka aka yi ta yi har zamanin Bakoji da Mainasara, magajin wancan gida. Ba su taɓa rubuta komai ba, ba su kuma taɓa zuwa gaban alƙali ba.

Bakoji bai yi boko ba, karatun allo ma bai yi nisa ba. Shanu ya sani. A gidansu ba a ƙirga shanu da baki, ba a kuma faɗa wa kowa yawansu, ko da matarka ce. Amma idan garke ya dawo da yamma ya tsaya a bakin shinge, kallo ɗaya yake yi ya san wadda ba ta dawo ba, ya san uwarta da kakarta. Yawancinsu zuriyar saniya guda ce, fara mai baƙin kunne da ɗan tabo a goshi, wadda ubansa ya ba shi ranar suna. Ta mutu tuni, amma tabon bai mutu ba, yana fitowa a 'ya'ya da jikoki. Duk wadda ta fito da shi, Raneye ake ce mata.

Da daji ya lalace, Bafulatanin da ke zaune kusa da gari ya shiga tsaka mai wuya. Mutanen daji suna cewa ya zama na gari, 'yan sa-kai suna cewa ɗan'uwan na daji ne. Wasu suka bi daji, wasu suka riƙa biya, wasu suka ja shanunsu kudu. Bakoji ya zauna yana kallo, har ranar da aka kore garken maƙwabcinsa a mashaya da rana tsaka, aka bar mai garken kwance da sandarsa a hannu. Bayan jana'iza bai yi shawara da kowa ba. Ya fara sayarwa, kaɗan-kaɗan, a kasuwanni daban-daban, don kada ido ya faɗa kansa. Raneye ta lokacin ya bari ƙarshe, ita da 'yar karsanarta. Wani manomi daga Damari ne ya saye su. Bakoji ya riƙe sunan mutumin da kwatancen gidansa, don niyyarsa a fili take: ranar da daji ya lafa, daga ƙofar wannan gida zai fara tara garkensa.

Sai dai kuɗin shanu ya fi shanu wuyar kiwo. Idan ka binne, gara ta ci. Idan ka kai banki, saƙo ya riƙa shigowa waya, kuma a lokacin kowa ya yi imani cewa abin da banki ya sani daji ma ya sani. Idan ka riƙe, naira na narkewa a hannunka: abin da ya sayi bijimi bara, bana karsana ma da ƙyar.

Mainasara ya riga ya rasu, amma ɗansa Obed yana da rumfar cajin waya da cirar kuɗi a Randagi. A hannun Bakoji ya sha nono tun yana rarrafe, Baffa yake ce masa. Wurinsa Bakoji ya je wata safiya, ya jira masu caji suka watse, ya yi tambayarsa a kaikaice kamar yadda Fulani ke yi.

"Ɗan Mainasara, in mutum yana da ɗan abu, ba ya so a ƙasa, ba ya so a banki, ina zai sa?"

"Mutumin nan dogo ne mai malafa?" in ji Obed.

"Ban duba ba."

Obed ya yi dariya, ya jawo benci. Ya ce akwai kuɗin intanet, kirifto ake ce masa, shi ma yana ɗan taɓawa. "Ka ɗauka wani babban kundi ne guda, Baffa, amma kwafinsa yana hannun dubban mutane a ƙasashe daban-daban. In an shigar cewa abin da ke cikin wannan shinge naka ne, ba mai iya gogewa, sai dai ya bi su duka ɗaya bayan ɗaya. Ba manaja, ba saƙo, ba suna. Kowa na iya leƙa shingen ya ga abin da ke ciki, amma mai makulli kaɗai ke buɗewa."

"Wa ke gadi?"

"Lissafi."

"Lissafin yana da bindiga?"

"Ba ya buƙata. Makullin lamba ce mai tsawon gaske. In aka haɗa duk kwamfutocin duniya su yi ta gwadawa, tashin kiyama zai riske su ba su gama ba."

Bakoji ba mai yarda da baki ba ne. Ya ba da kuɗin akuya guda ya ce a sa. Ya sayi waya mai gogawa, Obed ya buɗe masa asusun a ciki. Bayan wata ya dawo ya ce a fitar da rabi. Aka fitar, aka damƙa masa a hannu, ya shafa, ya sa aljihu. Daga nan ya fara kawo sauran a cikin buhun dusa, Obed yana saya yana tura masa, har garken duka ya shiga.

Akwai abu ɗaya da suka yi gardama a kai. Obed ya ce makullin yana zaune a cikin wayar, amma akwai kalmomi goma sha biyu na Turanci waɗanda su ne madadinsa. In waya ta ɓace ko ta mutu, da su ake buɗewa a wata. Dole a rubuta a ɓoye.

"A rubuta a takarda?" in ji Bakoji. "Ni Bafulatani, soja ya tare ni a shinge ya sami takarda da Turanci jere a aljihuna? Me zan ce masa? Ko na daji su zo su binciki ɗakina su samu, su kai wa wanda ya iya karatu a cikinsu?"

"To ka binne."

"Abin da na gudu ke nan."

"To..."

"Kai ka riƙe mini."

Obed ya girgiza kai. "A'a, Baffa. Ni in aka kama ni aka sa mini bindiga, kafin a tambaya na faɗa. Na san kaina."

Suka tsaya a kan Bakoji ya haddace. Ya ce mutumin da ya riƙe zuriyar garke guda a kansa ba zai kasa kalmomi sha biyu ba. Obed ya yi ta faɗa, Bakoji yana maimaitawa har ya kawo su daidai, suka rabu. Amma saniya tana da fuska, tana da uwa, tana da hali. Waɗannan kalmomi ba su da ko ɗaya. Ba su da alaƙa da juna, ba kuma wanda zai riƙa bita da shi, tunda sirri ne. Kafin kaka wasu sun zube, waɗanda suka rage sun karkace a harshensa. Bai damu sosai ba. Wayar tana nan cikin jakar fata, yana sa mata caji da ɗan faifan sola, yana share ta da bakin riga.

A shekarar da gwamnati ta yanke layin waya a yankin, sana'ar Obed ta mutu. Ya kwashe matarsa Martha suka koma Kaduna. Bakoji ya kama noma a gefen tsohon shingensa, noman da bai iya ba. Matarsa Habiba ta tambaye shi sau ɗaya inda kuɗin shanun suke. Ya ce, "Suna ajiye." Ba ta ƙara ba. Uwarta ma ba ta taɓa sanin yawan shanun ubanta ba.

A wannan yanki akwai abin da kowa ke yi kafin ya hau hanya, ana ce masa wankin waya. Masu tare hanya sun daina tambayar mutum sana'arsa, wayarsa suke karɓa. A nan suke ganin saƙon banki, da hoton gida, da lambar ɗan'uwa soja ko ɗan'uwa mai shago a Kaduna, da haka suke yanke wa mutum kuɗin fansa. Barin waya a gida ba mafita ba ce, don wanda aka tare ba waya duka yake sha, a ce ya ɓoye ta. Saboda haka ake share ta. Wasu su goge saƙonni, masu tsoro sosai su mayar da ita kamar ranar da aka sayo ta. 'Yan acaba sun fi kowa iyawa, sukan yi wa fasinja kyauta, don in an samu abu a wayar fasinja har da su ake tafiya.

Damina ta gaba, layi ya dawo, zazzaɓi ya kama Bakoji. Ya yi ta sassaƙe-sassaƙe har ya daina gane mutane. Habiba ta aika aka kira Isah, ɗan acaban da ke jigilar mutanen rugar, a kai shi asibiti Birnin Gwari. Aka ɗora shi a tsakiya, ta ɗaure shi da zane a bayan Isah. Ta ɗauko jakar fata, don waya ɗaya ce a gidan kuma za ta buƙaci kiran 'yarsu Lailatu da ke aure a Kuyello.

"Inna, an wanke ta?" in ji Isah.

"Ni ban san kanta ba. Ka duba."

Isah ya kama babban yatsan marar lafiya ya dangwala, waya ta buɗe. Ya ga wani abu da bai gane ba, mai lambobi da alamar dala. "Wannan in suka gani mun shiga uku," ya ce. Ya karanta wa Habiba lambar Lailatu ta riƙe a ka, ya wanke wayar tas, ya miƙa mata.

An kuwa tare su, da hantsi, a wani rafi da babur ke rage gudu. Mutum huɗu ko biyar ne, ɗayansu ya karɓi wayar ya yi ta gogawa sama da ƙasa.

"Sabuwa ce ko wankakkiya?"

"Ta talaka ce," in ji Habiba.

Ya ɗaga haɓar Bakoji da bakin bindiga, ya ga ido ya juye. Suka zuƙe rabin man babur, suka cire wa Habiba 'yan kunne. "Ku tafi da gawarku," ya ce, ya jefa mata wayar a cinya.

Bakoji bai mutu ba. Ranar da ya iya zama, abu na farko da ya nema jakar fata ce. Ya kunna. Ya duba inda alamar take zama, babu. Ya kashe ya sake kunnawa. Habiba tana gefen gado tana dama masa koko, tana ba shi labarin rafin, da yadda Allah ya sa Isah ya yi dabara. Ya saurara har ta gama. Ya ce, "Allah Ya saka masa." Ya sha kokon.

Da ƙafarsa ta yi ƙarfi ya bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa zuwa Kaduna, ya nemo Obed a wani ɗan shago. Obed ya juya wayar, ya haɗa ta da kwamfuta, ya kai wa wani da ya fi shi, suka dawo da yamma ba labari.

"Kalmomin, Baffa."

Bakoji ya rufe ido ya kawo abin da ya rage. Ba su kai rabi ba, kuma shi kansa bai san wadda ke gaba da wata ba. Obed ya gwada har ya gaji. Sannan ya ɗauko tasa wayar, ya nemo lambar shingen da ya riƙa turawa, ya buɗe kundin nan da kowa ke iya leƙawa.

"Ga su nan," ya ce a hankali. "Ba abin da ya taɓa su."

"To a je wurin mai kundin."

"Ba shi da mai shi. Abin da ya sa ka yarda ke nan."

"Ofishinsu fa?"

"Babu ofis."

Bakoji ya daɗe yana kallon lambobin. "Shinge mai kyau," ya ce. "Ko ni bai bari ba."

Bai faɗa wa Habiba ba. Daga bakin Martha ta ji, bayan su Obed sun dawo sun buɗe shago kusa da tashar Birnin Gwari, su Bakoji ma sun bar ruga sun kama ɗakin haya a gari. Martha ta ɗauka ta sani, ta yi mata jaje. Habiba ta dawo gida ta same shi yana gyaran igiya a ƙofar ɗaki. Ta tsaya a kansa da mayafinta.

"Baban Lailatu, shanun suna cikin wayar nan?"

Bai ɗago ba. "Wa ya faɗa miki?"

"Ni na miƙa ta. Da hannuna."

"Kin yi abin da ake yi."

"Da ka ce mini ko da kalma ɗaya ce."

"Da na ce, da ba ki bari an wanke ba. Da sun gani a rafi. Da ni da ke da Isah muna daji, su sa ni in buɗe musu, sannan su nemi ƙari a wurin Lailatu." Ya ja ƙullin igiyar da haƙori. "Ko ta ina aka bi, shanun sun tafi. Ta wannan hanyar dai mun dawo gida."

Ta shiga ɗaki. Ba ta yi kuka a gabansa ba, shi ma bai bi ta ba. Daga ranar ba su sake ɗaga maganar ba. Ta fara sayen madarar gari tana haɗa kindirmo tana kai wa tasha, abin da a da take yi wa matan gari dariya a kansa.

Shi kuma ya samu wata al'ada. Duk ranar kasuwa, in an tashi, ya biya shagon Obed ya zauna a benci. Obed ya buɗe masa kundin, ya faɗa masa ko darajar abin ta hau ko ta sauka. In ta hau Bakoji ya ce, "Sun sami damina." In ta faɗi ya ce, "Rani ne, za su farfaɗo." Sai ya tashi ya tafi gida.

Wata rana, don tausayi, Obed ya yi kuskure. Ya ga tsohon ya zauna shiru fiye da kullum, sai ya ce ya karanta cewa Turawa da Sinawa suna ƙera wata irin kwamfuta, kwantum ake ce mata, wadda ba ta gwada makulli ɗaya-ɗaya kamar sauran. Tana bi wa lissafin ta wata hanya dabam. Masu kirifto duk sun tsorata da ita, don in ta ƙosa, irin wannan makulli ba zai gagare ta ba.

Bakoji ya gyara zama. "Tana buɗe wanda makullinsa ya ɓace?"

"Haka aka ce, in ta kai."

"Yaushe za ta kai?"

"Wasu sun ce shekara goma, wasu sun ce fiye, wasu sun ce ba za a taɓa gamawa ba."

"Goma ba yawa. Karsana ma sai ta shekara uku take haihuwa."

Daga nan ya zama mutum guda a duniya da ke yi wa wannan inji addu'a. Duk mako tambayarsa ɗaya ce: "Ɗan Mainasara, injin ya iso?" Ya tambayi ƙasar da yake, da ko za a kawo shi Kaduna ko sai an je Abuja, da ko ana bin layi ne kamar na katin zaɓe. Ya ce ko la'adar rabi suka nema zai bayar. Ya ciro tsohon dangwali, igiyar da ake jera maruƙa a kai, ya jiƙa ya murza ya rataye a ɗaki. A wannan lokacin ne aka yi sulhu da na daji aka sake buɗe kara bayan shekaru a rufe, ya kama aikin lodi, yana cewa don kada hannunsa ya manta ne kafin nasa su dawo. Har aike ya yi Damari a tambayo masa ko zuriyar Raneye tana nan. Aka ce uwar ta mutu, amma 'yar tana nan, ta ma haihu.

Martha ce ta kasa jurewa. Tana gefen shagon tana suyar ƙosai, tana jin komai.

"Ka san ba haka abin yake ba," ta ce wa mijinta.

"Ban yi masa ƙarya ba."

"Ka ba shi rabi ka riƙe rabi. Jiya Inna Habiba ta ce mini ya sa ta wanke ƙoren tatsa. Ubanka ne zai yi masa haka?"

Ranar kasuwa ta gaba Obed ya sallami masu caji da wuri, ya zauna a bencin kusa da shi, bai buɗe waya ba.

"Baffa, maganar injin nan. Akwai sauranta."

"Ina ji."

"In ya iso, ba layi za a bi ba. Injin bai san mai abu ba. Kundin ma bai san ka ba, makulli kawai ya sani. Duk wanda ya fara samun injin, shi zai buɗe, abin da ke ciki ya zama nasa. Ba Birnin Gwari zai fara zuwa ba."

"In na ce nawa ne fa? Kai shaida ne."

"Wa za mu faɗa wa?"



"Masu abin sun san da haka," Obed ya ci gaba. "Suna ƙera sabon makulli wanda injin ba zai iya ba. In sun gama, kowa zai buɗe tsohon shingensa ya kora dukiyarsa zuwa sabo. Mai makulli ke nan. Wanda nasa ya ɓace, a tsohon zai zauna. Suna ta gardama ma, wasu sun ce a toshe irin waɗannan har abada, wasu sun ce a bar wa mai ƙarfi."

"Duk biyun ba ni a ciki."

"Babu." Obed ya sunkuyar da kai. "Kuma naka yana cikin masu sauƙi. Ka tuna gwajin da muka yi da kuɗin akuya? Shingen da aka taɓa fitar da abu daga cikinsa, ya nuna bakin ƙofarsa. Irinsu injin zai fara bi."

Bakoji ya yi wata 'yar dariya ba sauti. "Wato na gudu daga daji na kai su wani dajin."

"Ka yafe mini, Baffa."

"Kai ka ce a rubuta. Ni na ƙi." Ya miƙe ya gyara malafarsa. "Gaida Martha. Ita ce mai hankalin gidan nan."

Bayan 'yan makonni, ana tsakiyar lodi, wani dillali ya jawo wata farar saniya mai baƙin kunne. Bakoji ya ga tabon tun daga nesa. Ya tambayi inda ta fito, aka ce Damari, mai ita ya sayar zai sayi taki. Tirelar ta mahauta ce, Legas za ta. Saniyar ta toge a gindin katako, masu lodi suka ɗaga sanduna.

"Ku bari," in ji Bakoji.

Ya karɓi igiyar. Ya shafa goshinta da tafin hannu, ya duba haƙoranta, ya duba hantsarta, ya daɗe fiye da yadda aiki ke buƙata. Dillalin ya ce, "Malam, in kana so ka taya, ba a rufe mota ba."

"Ba ni da shi a hannu," ya ce.

Ya matsa kusa da kunnenta ya yi mata sautin da ubansa ya koya masa. Ta bi shi har cikin mota. Ya ɗaure ta a gefen da iska ke shiga, ya sauko, ya karɓi ladan lodinsa.

Da ya koma gida ya sauke dangwalin daga bango ya ba maƙwabciyarsu ta yi igiyar shanya. Habiba ta ga haka, ta tattara ƙoren tatsa ta mayar ƙarƙashin gado. 

Obed ya ɗauka ba zai sake ganinsa a bencin ba. Amma ranar kasuwa ta gaba, da aka tashi, ga shi ya zo, ƙafafunsa duk kashin shanu. Ya zauna inda ya saba.

"Buɗe mu gani."

"Baffa, me za ka gani kuma?"

"Ko masu injin sun zo."

Obed ya buɗe. Lambobin suna nan yadda suke.

"Ba su zo ba," ya ce.

Bakoji ya gyaɗa kai. Har yanzu haka yake yi duk mako. Ya daina tambayar ko injin ya iso, ya daina cewa damina ko rani. Yana zuwa ne kamar yadda yake tsayawa a bakin shinge da yamma a Randagi, ya duba ko akwai wadda ta ɓace. Ya ce garke ko ba ka tatsarsa, bai kamata a kore shi mai shi bai sani ba.